Cikin da Ya Same Ni a Makarantar Jinya

Na nemi karatun jinya ne bayan na fid da rai da haihuwa. Aurena ya kusa shekara goma a lokacin, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mun je asibitoci, mun sha na gargajiya, mun yi addu'a a Harami har na daina sanin abin da zan ƙara faɗa wa Allah. Daga baya muka yi shiru da zancen, ni da maigidana, kowa yana tausaya wa ɗan'uwansa.

A Jidda aka haife ni, a Ammariyya. Iyayena mutanen Damagaram ne, aikin hajji ya kawo su suka zauna. Babana ya rasu ina budurwa, amma kafin nan ya yi ƙoƙari ya tura ni Sudan wurin wani amininsa, na yi digiri a ilimin halittu. Da na dawo na koyar a wata makarantar 'yan mata ta kuɗi a Aziziyya, har ranar da aka rage malamai, sunana ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Sai na koma zaman gida a Madain Fahd. In share ɗakin da babu mai ɓata shi, in dafa abincin mutum biyu, in jira maigida. Shi mutumin Maraɗi ne, gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma a garin nan mai wannan sana'a ba ya rasa aiki.

Wata maƙwabciyata ce ta ba ni labarin cewa wata kwalejin lafiya ta kuɗi ta buɗe shiri na musamman don masu digirin kimiyya. Karatun da ake yi a shekara huɗu za a dunƙule shi a shekara biyu, babu dogon hutu, kuma suna karɓar masu iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama irinmu. Da na faɗa wa maigidana yana wanke baƙin mai a hannunsa, sai ya juyo ya dube ni.

"Za ki iya komawa lakwal ki zauna a aji a waɗannan shekarun?"

"Malam, zaman nan ya ishe ni."

"Bon. Gobe in na sauko daga aiki mu je mu gani."

Neman shigar kansa wani karatu ne. Takardar digirina sai an fassara ta, an buga mata hatimi a nan, an kai ofishin jakadanci an buga wani, an dawo an ce na farkon bai fito sosai ba. Aka nemi takardar amincewar miji, aka nemi wasiƙa daga kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, shi kuma kafilin ya yi tafiya. Akwai jarrabawar Turanci, ni kuwa Turancina na littafi ne, ina karantawa in gane, amma in na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi. Ga kuma iyakar shekaru da suka sa, wadda saura kaɗan in haye ta. In na rasa wannan karon, shi ke nan.

Ranar ganawa mata uku ne a bayan tebur. Ta tsakiyar ita ce mudira, shugabar sashen, Balarabiya mai ƙaramin gilashi. Ta tambaye ni dalilin da ya sa nake son jinya, na ba ta amsar da na haddace. Sai ta duba takarduna ta ce, "Kina da yara?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To, wannan zai taimake ki. Shirin nan ba ya barin wa mutum lokacin kansa."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, na sani. Amma da na fito na shiga wanet ɗin maigidana, 'yar motarsa ta ɗaukar kaya, sai na juya fuskata wajen taga har muka isa gida. Bayan ɗan lokaci suka kira waya suka ce an ɗauke ni.

Gaskiya mudira ta faɗa. Abin da na san ana koyarwa a zango guda, a nan cikin 'yan makonni ake gama shi a yi jarrabawa a wuce. Da safe aji, da rana ɗakin gwaji inda muke koyon aiki a kan mutum-mutumin roba, daga baya aka fara kai mu asibiti. Maigidana ke sauke ni da sassafe, mukayyif biyu ko uku suna karo da juna a bayan mota, in la'asar ta yi ya dawo ya ɗauke ni. Hannunsa ya sha awon jini har ya fara miƙo shi da kansa in ya ga na ɗauko abin awon. Lemu kuwa ban san adadin da na huda da allura ba, shi ke shanye su bayan na gama.

A ajin na yi ƙawa guda. Yarinya ce da na girme ta sosai, jikar Hausawa, amma kakanninta sun daɗe da zama 'yan ƙasa. Tana jin Hausa sarai, sai dai in za ta mayar da amsa Larabci ke fitowa. Kalmomi kaɗan ta riƙe daga bakin kakarta, a cikinsu akwai "Yaya", kuma da shi take kirana. Malamar da ke kula da mu a ɗakin gwaji da asibiti 'yar Filifin ce, gajeriya, ba ta dariya a wurin aiki. Ustaza muke ce mata.

Wajen wata na huɗu da fara karatun na fara jin jikina wani iri. Warin maganin goge ƙasa na asibiti yana tayar mini da zuciya, barci yana ɗaukata a aji. Na ɗora laifin a kan gajiya, don kowa a ajin haka yake tafiya kamar an jiƙa shi. Al'adata kuwa dama ba ta da tsari, ban ma lura da ita ba.

Wata rana aka koya mana gwajin fitsari. Kowace ɗaliba ta kawo nata a 'yar kwalba, muna tsoma tsinken gwaji muna duba suga da sauran abubuwa. A ƙarshen darasi Ustaza ta nuna mana na gwajin ciki, ta ce masu aure su gwada don su saba da karanta shi. Ban yi niyya ba. Na ga irin wannan abu sau da yawa a banɗakin gidana, na san abin da yake nuna mini. Ƙawata ce ta ɗauka ta ɗiga nawa a kai tana wasa.

Sai na ga ta miƙo mini tsinken in duba.

"Yaya," ta ce, "shufi. Layi biyu."

Na ce, "Ya lalace ne. Ajiye shi."

Ta ɗauko wani ta sake. Ustaza ta zo ta tsaya a bayanmu, ta duba na farko, ta duba na biyu, ta juya kwalin ta karanta ranar lalacewarsa. Sannan ta ce da sauran ɗalibai su je su wanke hannu. Da ɗakin ya rage mu uku ta jawo kujera ta ce in zauna.

"Na farko ne?"

Na ɗaga kai. Na so in gaya mata shekarun da na yi ina jira, amma Turancin ya gudu, Larabcin ma ya gudu. Ƙawata ce ta yi mata bayani, tana yi tana kuka fiye da ni.

Ban gaya wa maigidana a mota ba, na ji tsoron kada ya buge wani da motar. Sai da muka shiga gida. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuskarsa da hannuwansa, ya daɗe a haka. Washegari likita ta tabbatar.

Innata ta zo daga Ammariyya da kanta. Tsohuwa ce mai ƙarfin hali, ta yi shekaru tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin kasuwa, da wannan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ta yi hamdala, ta shafa cikina, sannan ta dubi littattafan da ke zube a kan tabarma.

"Halas, a tattara waɗannan. Daga yau kin gama."

"Inna, in na bari ba za su sake ɗaukata ba. Shekaruna sun kai."

"Ke 'yar nan, abin da muka yi shekara da shekaru muna roƙo ya zo, ki ce za ki ɗauke shi ki je kina ɗaga majinyata da shi? Takarda ce za ta kira ki uwa?"

Na dubi maigidana ina jiran ya sa baki. Ya ce, "Inna, ni duk abin da ta zaɓa ina bayanta." Na san da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma a ranar na ji haushinsa. Da ya ce in bari, da na sami wanda zan ɗora wa. Da ya ce in ci gaba, da mun raba nauyin. Sai ya bar mini shi ni kaɗai.

Na ci gaba. Inna ta koma gidanta, ta daina ɗaukar wayata na wani lokaci, amma kullum sai ta aiko da kunun gyaɗa ta hannun mai motar unguwarsu.

Ustaza ba ta sassauta mini a maki ba ko kaɗan. Ranar da na kasa samun jijiyar wata tsohuwa don sa mata ƙarin ruwa, a gaban kowa ta ce in je in sake koyo a kan roba. Amma ta sauya mini jerin ɗakunan da zan yi aiki. Ta cire ni daga ɗakin ɗaukar hoto da na masu cututtuka masu yaɗuwa, ta ce in yi su daga baya. In za a juya majinyaci mai nauyi sai in ji ta kira wata ɗaliba ba tare da ta dube ni ba. Ƙawata kuma ta mayar da aljihun rigarta kanti, dabino da biskit ba sa yankewa.

Haka na tura har cikin ya shiga wata na bakwai. Ƙafafuna suka kumbura, takalmin aiki ya fara matse ni, na koma sa na maigida a mota in sauya a ƙofar asibiti. Wata safiya kaina yana sarawa, ƙawata ta ce in kawo hannu. Ta auna, ta saki iskar, ta sake aunawa. Ba ta gaya mini abin da ta gani ba, ta fita da gudu ta kira Ustaza. A ranar aka kwantar da ni. Likita ta ce jinina ya hau sosai, daga nan har haihuwa kwanciya ce, in ba haka ba za a iya rasa ni ko a rasa abin da ke cikina.

Da aka sallame ni gidan Inna aka kai ni, ɗakin da na girma a ciki. Ba ta ce mini ai ta faɗa ba. Ta shimfiɗa mini katifa kusa da taga, ta hana gishiri shiga tukunya, har ita ma ta koma cin abinci lami.

Dokar makaranta a fili take: wanda ya rasa kwanakin asibiti da yawa an cire shi. Ƙawata takan zo bayan la'asar da darussan da ta ɗauko mini a wayarta, ta zauna ta karanta mini abin da aka yi. Ina saurare, amma a zuciyata na san aikin banza muke yi. Wata rana bayan ta tafi na juya bango na yi ta kuka. Ina son cikin nan fiye da raina, kuma ina baƙin cikin abin da ya karɓe mini, duka biyun a lokaci guda. Inna tana tsinke zogale a bakin ƙofa.

"Karatun ne?"

Na ce, "Na sha wahala a kansa, Inna. Kuma na iya. Ban taɓa yin abin da na iya kamarsa ba."

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

Washegari da safe ta sa abayarta ta zuwa biki, ta kira maigidana ta ce ya zo ya kai ta makarantar. Shi ya ba ni labarin daga baya, sauran kuma na ji a bakin ƙawata, don sashen mata ne, shi a waje ya tsaya. Sakatariya ta ce mudira tana taro. Inna ta ce ba ta sauri. Ta zauna a kujerar ƙofar ofis tun hantsi har aka yi azahar, ta yi sallarta a wurin, ta koma ta zauna. Da mudira ta fito Inna ta miƙe ta tare ta da Larabcinta na kasuwa.

"Ni ce uwar mai cikin nan. Ni na ce ta bar karatun, ta ƙi. Yanzu ga ta kwance tana kuka, kukan kuma yana ƙara mata hawan jini. Ku da kuke koya wa mutane kula da marasa lafiya, ga taku ɗaya ba ta da lafiya. Me za ku yi mata?"

Mudira ta ce doka ce, ba ita ta rubuta ba. Inna ta ce ta ji, amma a nuna mata wanda ya rubuta ta je wurinsa, tana da mota a waje. Aka kira Ustaza. Ita ce ta kawo shawarar da aka kai gaban hukumar kwalejin: in rubuta jarrabawar takarda tare da 'yan ajinmu in likita ta yarda, kwanakin asibiti kuma in biya su bayan na haihu, ko da 'yan ajin sun riga sun gama. Ba a amsa a ranar ba, sai da aka yi mako biyu. Da amsar ta zo, Inna cewa ta yi, "To, sai ki daina jiƙa mini matashi."

Jarrabawar a kan keken marasa lafiya aka shigar da ni, na rubuta ƙafafuna a kan wata kujera. Ban ci da maki mai yawa ba, amma na haye.

Cikin bai kai wata tara ba. Jinin ya sake hawa, aka yi mini tiyata aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Kwanakin da na yi a gadon nan sun koya mini abin da ba ya cikin littafi. Wata nas takan shigo ta ɗaga mini riga ba sallama, tana hira da abokiyar aikinta da Turanci a kaina, ba ta san ina jin duk abin da take faɗa ba. Wata kuma, 'yar Indiya, kafin ta taɓa ni sai ta murza tafukanta su yi ɗumi, ta gaya mini abin da za ta yi. Ita ce ta tura ni a keke zuwa ɗakin jarirai a lokacin hutunta, ta nuna mini yadda zan zura hannu ta 'yar ƙofar kwalbar. Na san sunan kowace igiya da ke jikin 'yata, na san abin da lambobin na'urar suke nufi, kuma sanin bai rage mini tsoro ba. Ƙara shi ma ya yi.

Allah Ya raya ta. Muka dawo gidan Inna, aka yi suna ba taro. Inna ta ce ko me likitoci za su ce sai na yi arba'in a ɗaki, sai dai ta haƙura da ruwan zafin wanka saboda ɗinkin. Ban yi mata gardama ba.

Komawata asibiti ta fi komai wuya. Da safe maigida ya kai jaririyar Ammariyya, ya wuce da ni, ya tafi aikinsa, da yamma mu sake bin hanyar a juye. Nono yakan cika ya jiƙa mini farar riga ina tsaka da aiki. Ustaza ta ba ni makullin wani ɗan ɗakin ajiyar zannuwa, a nan nake tatsa a tsaye in sa a firjin ma'aikata. Na yi ɗakin ɗaukar hoto, na yi na masu cututtuka masu yaɗuwa, inda nake wanka a asibiti kafin in yarda in taɓa 'yata. Akwai ranar da na zauna a matakala na ce ba zan iya tashi ba. Na ɗan zauna, na tashi, don akwai mai jiran magani.

'Yan ajinmu suka gama aka yi musu biki. Na je, na zauna a cikin iyaye da 'yata a cinya, na yi wa ƙawata guɗa da aka kira sunanta. Na yi murna da gaske, kuma da na koma gida ban iya cin abinci ba.

Ni kaɗai na yi jarrabawar aiki ta ƙarshe, watanni bayan nasu. Ustaza da wata malama suna tsaye, aka ba ni wani dattijo mai ciwon suga in wanke masa gyambon ƙafa, in sa masa ƙarin ruwa. Na gaishe shi, na gaya masa abin da zan yi, na sami jijiyar. Da muka fito Ustaza ta rubuta abin da za ta rubuta, ta rufe fayil ɗin.

"Yalla, je ki ba 'yarki nono," ta ce. "Kin zama nas."

Takardar shaidar ta taga wani magatakarda ya miƙo mini, ya ce in sa hannu a nan da nan, ya kira na bayana. Maigidana yana waje a mota da yarinyar. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce a sa ta a leda kafin 'yar ta kai mata hannu.

Na sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Madain Fahd, ba nisa da gida. A makon farko na auna zazzaɓin yara da yawa, ina kwantar wa iyayensu hankali, ina gaya musu ba abin tsoro ba ne. Ranar Juma'ar makon, da rana, jikin tawa 'yar ya yi zafi. Na auna, na san lambar ba ta kai ta tashin hankali ba, na san maganin da zan ba ta da yawansa. Duk da haka na ajiye kwalbar maganin ban buɗe ta ba. Na ɗauki waya na kira Inna.

"Ba ke ce malamar asibitin ba?" in ji ta.

"Ni ce, Inna. Amma ki zo."

Ta ce in jiƙa tsumma in goge mata jiki, in turo mata maigida da mota.